Tsakanin Kano Da Jidda Akwai Sudan

Duk ɗalibin da ya ɗora zare a kan taswira, daga Kano zuwa Jidda, zai sami nisan da ya kai kimanin kilomita 3,400. Jirgin sama na zamani yakan cinye wannan tafiya cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Amma wannan lissafi yana da sharaɗi guda wanda ba a cika faɗa wa maniyyata ba, wato a bar jirgin ya ratsa ta sararin samaniyar Cadi da Sudan kafin ya tsallaka Bahar Maliya.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ga shi kuma jigilar alhazai ta ƙarato. Dole jiragen suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da awa biyu ko fiye. Awa biyu a sama ba abin wasa ba ne: ƙarin mai ne, ƙarin aikin matuƙa ne, kuma jirgin da zai yi sawu da wuri ya komo ya kwashi wasu sai ya makara. Kamfanonin jigila suka nemi ƙarin Dala 250 a kan kowace kujera, har aka zaftare Dala 100 daga guzirin kowane alhaji. Manomin da ya sayar da shanunsa a Gumel ya biya kuɗin yaƙin da bai san mafarinsa ba.

Wannan hanya kuwa ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar nan. Kafin zuwan jirgin sama, ta nan kakanni suka bi a ƙasa, daga Barno zuwa Wadai da Darfur, su haye Kogin Nilu, su isa Sawakin su shiga jirgin ruwa. Tafiyar takan ci shekaru, domin matafiyi yakan tsaya ya yi noma ko ƙodago ya sami guziri. Da yawa ba su komo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne, kuma har yau Hausawa na zaune a garuruwa irin su Kasala da Gadarif. Ɗaliban Nijeriya da aka kwaso a motoci zuwa iyakar Masar a 2023 su ma 'ya'yan wannan tsohuwar dangantaka ne.

Saboda haka kuskure ne ma'aikatan harkokin waje su ɗauki rikicin Sudan tamkar gobarar wata unguwa mai nisa. Nijeriya ta taɓa karɓar baƙuncin shawarwarin sulhun Darfur a Abuja, inda aka sa hannu a kan yarjejeniya a 2006, ta kuma aika sojojinta kiyaye zaman lafiya a can. Ƙasar da ta yi wannan bai kamata ta koma 'yar kallo ba.

Hukumar Alhazai kuma ya dace ta riƙa bayyana wa maniyyata, tun kafin su biya, hanyar da jirginsu zai bi, da awoyin da zai yi, da wanda zai ɗauki nauyin ƙari idan an sake rufe wata hanya, a rubuta shi cikin yarjejeniyar da take ƙullawa da kamfanonin jigila.