Motoci Masu Lantarki Sun Iso: Wa Zai Adana Tarihin Zamanin Fetur?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin sufuri ya sauya a Nijeriya. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wannan tsada ce ta sa ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati suka fara kallon abin hawa mai batir da idon basira. A Maiduguri, gwamnatin Borno ta riga ta ɗora motocin haya masu lantarki a kan titi, kuma a wasu birane babura da kekuna masu ƙafa uku na caji sun fara shiga harkar haya.

A duniya kuwa tafiyar ta yi nisa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce an sayar da motoci masu lantarki fiye da miliyan 17 a 2024, wato sama da ɗaya cikin kowace mota biyar da aka sayar, kuma mafi yawansu a ƙasar Sin. Habasha ma a shekarar ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da dizal. A nan gida ƙarancin wuta zai rage saurin sauyin, domin ƙasar da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutane fiye da miliyan 200 ba za ta wayi gari da wuraren caji a kowane lungu ba. Amma dai alƙiblar ta fito fili.

Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne makomar sana'o'in da fetur ya haifa. Motar lantarki ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa. Bakaniken da ke gane ciwon inji da kunne, da mai sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, da ɗan bumburutu a bakin titi, duk sauyin zai taɓa su. Iliminsu kuwa a ka yake, ba a littafi ba.

An taɓa yin irin wannan asara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin ayari ya soma ja da baya, kuma kaɗan ne aka adana daga bakin madugai da masu zango. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, amma da wuya matashi ya sami inda zai ga 504 ta farko tare da labarin waɗanda suka haɗa ta. Ko acaɓa, da aka hana a Kano a 2013, ta fara zama labari ga yara.

Nan ne gidajen tarihi ke da aiki. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, da gidan tarihin Kanta a Argungu, sun fi shahara da tarihin sarauta da mulki da kayan gargajiya. Shirin da zai shiga tasha da gareji ya naɗi muryoyin tsofaffin direbobi, da 'yan kamasho, da masu ƙera bodin katako da masu yi masa zane da rubutu, ba zai ci kuɗi mai yawa ba. Waya da ɗalibai 'yan sa-kai da haɗin kan ƙungiyar direbobi sun isa a fara.

Amfanin ya wuce tuna baya. A gidan tarihin Henry Ford da ke Dearborn a Amurka, baƙi na ganin motocin lantarki na farkon ƙarni na 20, waɗanda arhar motar fetur da rashin wuta a karkara suka kayar. Darasi ne ga masu tsara manufa: fasaha ba ta zama sai da tanadin da zai riƙe ta.

Jihohin da ke ware kuɗin sayen motoci masu lantarki na iya ware wani ƙaramin kaso don horar da makanikai da kuma adana tarihin sana'arsu. Mafi yawan waɗanda suka tuƙa manyan motocin katako sun manyanta, kuma aikin naɗar labarinsu ba zai jira kasafin baɗi ba.