Ragon Layya Da Allon Jami'a

A kowace shekara, da zarar jami'o'in ƙasar nan sun karɓi sababbin ɗalibai, tun daga Badun da Nsukka har zuwa Zariya da Kano da Maiduguri, akwai wani darasi guda da kan cika ɗakin lacca maƙil, har wasu su tsaya a bakin taga. A jami'o'i da dama sunansa ECO 101 a takardar rajista, watau matakin farko na ilmin tattalin arziki. Ba masu neman digiri a wannan fanni kaɗai ke zama a ajin ba. Akwai masu koyon aikin akanta, da na sha'anin mulki, da na kasuwanci, da na kimiyyar siyasa. Ga da yawa daga cikinsu, 'yan watannin nan su ne iyakar abin da za su ji daga bakin malami a kan yadda farashi ke samuwa. Saboda haka yadda aka koyar da darasin, da yadda aka koye shi, ba ƙaramin al'amari ba ne.

Masana sun kasa wannan ilmi gida biyu. Babban gida yana duban ƙasa baki ɗaya, kamar rashin aikin yi, da darajar Naira, da kasafin kuɗin gwamnati. Ƙaramin gida kuwa yana duban mutum guda, ko gida guda, ko kamfani guda, ko kasuwa guda: me mai gida zai saya da albashinsa, buhu nawa manomi zai fito da shi, kuma wa ya yanke kuɗin mudun gero. Da ƙaramin ake farawa, shi ne kuma abin magana a yau.

Darasin yakan buɗe da abin da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa taura biyu ba ta taunuwa. Abin hannu kaɗan ne, buƙatu kuwa ba su da iyaka, don haka duk wanda ya zaɓi abu ya bar wani. Manomin da ya shuka gyaɗa a gonarsa, ainihin abin da gyaɗar ta ci masa ya haɗa da geron da bai shuka ba. Shi kansa ɗalibin, tsadar digirinsa ba ta tsaya ga kuɗin rajista ba, har da abin da zai samu da a ce ya yi shekaru huɗun nan a shagon mahaifinsa.

Daga nan sai malami ya zana layi biyu a allo. Na ɗaya layin buƙata, watau yawan kayan da masu saye za su ɗauka a kan kowane farashi, kuma buƙata a nan ita ce wadda ke da kuɗi a bayanta, ba sha'awar baki ba. Na biyu layin wadata, watau yawan kayan da masu sayarwa suka yarda su fito da shi a kan kowane farashi. Inda layukan suka haɗu, nan ciniki ke faɗawa. Wani malamin Jami'ar Kambirij ta Ingila, Alfred Marshall, shi ya shahara da wannan zane a littafinsa na shekarar 1890, inda ya kamanta ƙarfin nan biyu da bakin almakashi, ɗaya ba ya yanka sai da ɗan'uwansa. Tun kafin shi, a shekarar 1377, Ibn Khaldun ya bayyana a cikin Muƙaddimarsa yadda ƙarancin kaya ke tada farashi, yalwa kuma ta sauko da shi.

To, a nan ne ɗalibai da yawa kan yi tuntuɓe. Dokar buƙata ta ce in farashi ya hau, saye zai ragu. Amma ga Babbar Salla ta ƙarato, rago ya yi tsada a kasuwar Potiskum da ta Maigatari, kuma a lokacin ne aka fi sayensa. Bayan Salla da kwana uku farashin ya faɗi warwas, masu saye kuma sun ɓace. Shin dokar ta karye ke nan? Wanda ya yi hadda kawai, sai ya tsaya yana cizon biro. Wanda ya fahimta kuwa ya san cewa dokar tana da sharaɗi, watau sauran al'amura su tsaya yadda suke. Zuwan Salla ya sauya al'amura: a kan kowane farashi, masu neman rago sun ƙaru, don haka layin ne gaba ɗayansa ya gusa. Yawan masu saye ne ya jawo tsadar, ba tsadar ce ta jawo su ba. Duk da haka, a cikin wannan mako, in farashin ya ƙara hawa, wasu magidanta za su koma ga tunkiya ko akuya, ko su haɗa kuɗi su sayi sa. Dokar tana nan daram.

Haka layin wadata yake gusawa. A shekarar 1970 ko a 2016, hukuncin ɗaya ne, amma na 2016 ya fi kusa a tuna: wata tsutsa mai suna Tuta absoluta ta auka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, kwando ya ninka kuɗinsa sau da yawa har a kasuwar Mile 12 ta Ikko. Ba cin miya ne ya ƙaru ba, kaya ne suka ragu. Uwayen gida suka koma ga tumatirin gwangwani da busasshe, wanda ke nuna wani babi na darasin, watau gwargwadon yadda saye ke sauyawa in farashi ya motsa. Abin da ke da madadi, kamar ɗanyen tumatir, ana gudunsa in ya yi tsada. Gishiri kuwa, ko ya ninka, za a saya. Ko ya yi araha, ba mai zuba mudu a tukunya. Hatsi ya fi kusa da gishiri, shi ya sa a shekarar da damina ta yi albarka sosai, manomi kan iya sayar da buhuna masu yawa a kaka amma kuɗin da ya shiga aljihunsa bai kai na bara ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk zancen 'yan makaranta ne. Tarihin ƙasar nan ya nuna ba haka ba ne. A shekarar 1970 gwamnatin soja ta kafa dokar ƙayyade farashi, aka sake wata a 1977 wadda ta shafi kaya irin su madara da sukari da gishiri da ashana da fulawa da kekuna. A 1984 sojoji sun shiga kasuwanni suna tilasta wa 'yan kasuwa su sayar a kan farashin gwamnati. Niyyar ita ce a sauƙaƙa wa talaka. Amma ɗan ajin farko da ya fahimci zanensa zai iya faɗin abin da zai biyo baya: in aka danne farashi ƙasa da mahaɗar layukan nan, masu nema za su ƙaru, masu fito da kaya su ragu. Haka kuwa aka yi. Kaya suka ɓace daga kanti suka ɓulla a kasuwar bayan fage, jama'a suka riƙa kwana a layi don gwangwanin madara da sabulu.

Manoman gyaɗa ma sun ɗanɗana nasu. Tun daga 1949 hukumar ciniki ce kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, tana kuma biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Darasin yana da babi a kan kasuwar da mai saye ɗaya ya mamaye. Manoma suka rage shuka, wasu suka sayar wa masu ƙuli-ƙuli, sa'an nan fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa dalar gyaɗar Kano. An rushe hukumomin a 1986. Man fetur kuma, muddin yana araha a nan fiye da maƙwabta, ya yi ta tsallaka iyaka, har ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da janye tallafi, lita ta tashi daga wajen Naira 185 zuwa wajen Naira 500. Talaka ya sha wuya ƙwarai, domin mai ma ɗan'uwan gishiri ne, ba a samun madadinsa dare ɗaya.

Wannan ba ya nufin darasin ya ce a sakar wa kasuwa mara a kowane hali. Zanen layi biyun yana aiki ne inda masu saye da masu sayarwa suke da yawa, kamar kasuwar hatsi ta Dawanau. Inda kamfanoni biyu ko uku suka yi babakere, kamar a cinikin siminti, hukuncin daban ne. Inda majema ta zubar da dattin ruwanta a kogi, mutanen ƙauye su biya da lafiyarsu, farashin fata bai faɗi gaskiyar tsadarta ba. Waɗannan babobi sukan zo a ƙarshen zango, lokacin da malami ke sauri, ɗalibai kuma hankalinsu ya koma ga jarrabawa. Wanda ya tsallake su zai fita da rabin ilmi, ya ɗauka kasuwa ba ta kuskure.

Saboda haka ya kamata malamai su rage dogaro da misalan littattafan waje, su kawo rago da tumatir da gero cikin aji, su kuma tsara jarrabawar da hadda ba za ta cece ɗalibi ba. Shi kuma ɗalibi kada ya ji tsoron lissafin, domin bai wuce na sakandare da yawa ba. Ya zana layukan da hannunsa, ya zaɓi kaya ɗaya a kasuwar unguwarsu, ya riƙa rubuta farashinsa kowane mako har zango ya ƙare, duk sa'ad da ya motsa ya tambayi kansa wane layi ne ya gusa, kuma me ya gusar da shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikin matasan nan da ke cunkushe a ɗakin lacca akwai manyan sakatarorin gobe, da kwamishinoni, da 'yan majalisa, waɗanda za su sa hannu a kan farashin taki da na mai da na wuta. In ba su gane layin da ke allo ba a yau, jama'a ne za su tsaya a layi gobe. Allah ya ba su ilmi mai amfani.