Wa Zai Riƙe Na'urar Asibiti A Kudancin Kano?

Wata magana tana gaban masu kula da asibitoci a ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, watau komar da kundin marasa lafiya daga takarda zuwa kwamfuta. Abin ba baƙo ba ne ɗungum. Tun wajen 2013 Gwamnatin Tarayya ta ɗauki wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, don tara ƙididdigar lafiya. Kowane wata asibitin ƙauye ya kan cika takarda da yawan haihuwa da rigakafi da masu zazzaɓi, a kai wa ma'aikacin ƙaramar hukuma, shi kuwa ya shigar cikin na'ura. A 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta kafa kwamiti don faɗaɗa wannan aiki a ƙasa duka. Abin da ke tafe shi ne katin majiyyaci kansa, da sakamakon awon jini, da lissafin ɗakin magani, duk su koma can.

Falken da ya taɓa sayen babbar mota ya sani kuɗin saye ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, kuma ba ya sa ta kan hanya sai ya san makanikin da zai kira in ta tsaya. Haka na'urar asibiti ta ke, sai dai ita in ta tsaya, wanda ke jira mace ce mai naƙuda, ko yaro mai sikila da a ke neman a san irin jinin da aka ƙara masa bara.

Abin da ya fi saurin zuwa zuciyar hukuma shi ne a ba wani kamfani na birnin Kano kwangila, ya kafa manhajar, ya riƙa kula da ita. A cikin birni wannan yana iya tafiya, don ɗan kwangila da asibiti tsakaninsu tafiyar babur ce. Amma fa ƙasar Doguwa tana can iyaka da Kaduna da Bauchi, mai zuwa Riruwai daga Kano sai ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, tafiyar da masu hankali ba su so dare ya riske su a cikinta. Injiniyan da aka kira da hantsi, in ya iso kashegari ya yi ƙoƙari. Kamfanoni su kan ce ai daga nesa za su gyara ta intanet. Gaskiya ne, muddin akwai wuta da layi. A watan Oktoba na 2024 yawancin Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki. A irin wannan rana gyara daga nesa ya zama labari. Sa'an nan kuma yawancin abin da ke tsai da aiki ƙanƙane ne: batirin sola ya mutu, injin buga takarda ya ci takarda, ma'aikaciya ta manta kalmar sirri, ƙurar hunturu ta toshe na'ura. Ba wanda zai tayar da mota daga Kano saboda waɗannan, alhali kuwa su ne ke tara mutane a bakin tagar kati.

To, sai a ce kowane asibiti ya ɗauki masaninsa. Samari masu wannan ilmi ba su yi ƙaranci ba, Jami'ar Bayero da ta Wudil suna yaye su kowace shekara. Wuyar ita ce riƙe su. Yaron da ya ƙware, bankuna da kamfanonin waya suna kiransa da albashin da gwamnati ba ta biya, kuma ba kowa ke son zaman ƙauye ba, abin da ya daɗe yana hana likitoci ma zama. Ran da ya tafi, in shi kaɗai ya san mabuɗan, ya tafi da asibitin cikin aljihunsa.

Lalle abin da ya fi kusa da daidai shi ne a fara da wanda ke nan. Kowane babban asibiti yana da malamin kati, mai ajiyar fayil, kuma aikinsa sana'a ce mai rajista, tana da hukumarta ta ƙasa tun 1989, tana da makaranta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sau da yawa ɗan ƙasar ne, gonarsa da iyalinsa suna nan, ba ya zuwa ko'ina. In aka horar da mutum biyu irinsa a kowane asibiti, aka ƙara musu ɗan alawus, sun ɗauke mafi yawan ƙananan gyare-gyare. A bisansu sai Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ta ajiye injiniyoyi masu zagaye, wani a Tudun Wada ya riƙe har Doguwa, wani a wajen Kwanar Ɗangora ya riƙe Ƙiru da Bebeji da Tiga. Kamfani kuwa a bar masa babban aiki, gyaran manhajar kanta da tsaronta. Irin wannan gwaninta akwai ta a Kano: ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009, ta yi aikin na'ura a yaƙi da shan inna har aka tabbatar ƙasa ta rabu da ƙwayar daji ta cutar a 2020. Sai dai aikin da ke tafiya da kuɗin agaji wa'adi gare shi, asibiti kuwa ba shi da ranar tashi, don haka albashin masu riƙe na'ura ya kamata ya fito daga kasafin jiha.

Tsaron nan ba abin wasa ba ne. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry, mai kulle bayanai ta nemi fansa, ta faɗa wa asibitocin Ingila, aka soke ganin likita wajen 19,000. Abin mamaki, kamfanin Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, ba a dai sanya shi kan lokaci ba. Ingila ba ta rasa kuɗi ko na'ura ba, wanda zai zauna ya yi aikin a kan kari aka rasa.

Akwai kuma amana. Injiniyan da ke gyaran kundi yana iya ganin abin da ke ciki: wane ne ke karɓar maganin ƙanjamau, wace ce ta yi ɓari, wane attajiri ne ke da ciwon da ya ke ɓoyewa. A gari irin Bebeji, inda kowa ya san gidan kowa, kalma ɗaya ta isa ta kashe aure ko ta karya ciniki. Dokar Lafiya ta 2014 ta hana bayyana sirrin majiyyaci, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe kundi nauyi ko da wani ya ba aikin. Saboda haka kafin a ɗauki mutum, a bincika halinsa kamar yadda a ke bincikar wanda za a ba ajiya, a kuma shirya na'urar yadda za ta riƙa rubuta sunan duk wanda ya buɗe fayil da sa'ar da ya buɗe.

Sauran magana tana cikin takardar kwangila, nan ne kuwa 'yan kasuwa suka fi ma'aikata ido. A rubuta sa'o'i nawa ne tsakanin kira da isowa, na Doguwa dabam da na Bebeji, da abin da za a yanke in an saɓa. A rubuta cewa kundin na asibiti ne, babban mabuɗi yana hannun shugaban asibiti, kuma ran rabuwa kamfani zai miƙa kome a sigar da wani zai iya karantawa. Malaman da suka gaji littattafan hannu sun san dalilin da ya sa a ke juyar littafi sau biyu a raba musu ɗaki. Haka kundin asibiti, a riƙa ajiye kwafinsa wani wuri, a riƙa jarraba buɗe shi. Kuɗi kuma kada a biya gaba ɗaya ranar buɗe aiki, a raba shi wata uku uku, kowane kashi sai shugaban asibiti ya sa hannu cewa na'ura tana aiki, malaman kati kuma sun koyi abin da aka yi alkawarin koya musu.