Kafin Malami Ya Sa Hannu a Takardar Mawallafa

'Yan uwa malamai, akwai takardar da ta cancanci a karanta ta da natsuwa fiye da yadda ake yi, ita ce wadda mujalla ke aiko wa marubuci bayan ta karɓi maƙalarsa. Murnar karɓuwa da ɗokin ƙarin girma sukan sa mutum ya rattaba hannu nan take. Alhali a manyan mujallun ƙetare da dama, abin da takardar ta ƙunsa shi ne miƙa haƙƙin mallakar rubutun kacokan ga kamfanin ɗab'i. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta tanadi cewa miƙa wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, don haka sa hannun nan ne ke raba marubuci da aikinsa. Daga ranar, malamin da ya shekara biyu yana bincike, sau da yawa da albashinsa, ba shi da ikon ɗora bugaggiyar maƙalar a shafin sashensa sai da izini. Ɗalibinsa kuwa, in laburaren jami'a bai biya kuɗin mujallar ba, sai a nemi ya biya dala 30 ko 40 kafin ya karanta abin da malaminsa ya rubuta.

Tun bayan sanarwar Budafes ta 2002 ake kiran a buɗe binciken ilimi ga kowa kyauta. Kamfanonin sun amsa kiran, sai dai sun sauke kuɗin daga kan mai karatu sun aza wa marubuci. A 2021 mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 kan kowace maƙala da za a buɗe. Kowa ya juya wannan zuwa naira, ya auna da albashin farfesa. A inuwar wannan tsari ne kuma mujallun bogi suka yi yawa, masu karɓar kuɗi su buga ba tantancewa.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ba ta cin ko sisi. Mawallafa da yawa sun yarda marubuci ya ajiye rubutunsa na ƙarshe, wanda aka tantance aka karɓa kafin a tsara shi, a taskar jami'arsa ta intanet, wani lokaci bayan jiran wata shida zuwa shekara biyu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da irin wannan taska mai suna Kubanni. Akwai kuma dandalin AJOL, wanda tun 1998 yake tattara mujallun Afirka, da yawansu a buɗe.

Sai dai malami shi kaɗai ba ya iya ciniki da kamfanin da ke da dubban mujallu. A 2008 malaman tsangayar fasaha da kimiyya ta jami'ar Habad a Amurka suka kaɗa ƙuri'a, suka bai wa jami'arsu izinin ajiye maƙalunsu da buɗe su, izinin da ya riga duk wata yarjejeniya da mawallafi. Ina ganin ya dace reshenmu ya kai irin wannan ƙuduri gaban majalisar dattawan jami'a a zangon nan, tare da neman kwamitin ƙarin girma ya daina rage wa maƙala maki don kawai a mujallar gida aka buga ta.