Ba Kowane Tari Ne Tibi Ba

'Yan'uwa mata, yau maganar tari za mu yi. A Unguwar Kanawa, kamar sauran unguwannin Kaduna, da zarar mace ta yi wata biyu tana tari tana ramewa, sai a ware mata kwano da moɗa, a soma raɗe-raɗin tarin fuka ya kama ta. Kishiya ta janye 'ya'yanta, maƙwabta su ɗauke ƙafa, alhali ko asibiti ba a kai ta ba.

Gaskiya ne tibi ya yi yawa a ƙasar nan. Duk tarin da ya wuce mako 2, a kai kaki a auna. Awon kyauta ne a asibitocin gwamnati, haka maganinsa na wata 6. Amma idan an auna ba a ga ƙwayar ba, ko an sha magani tari bai ragu ba, to, kada ki zauna, kada kuma ki ce sammu ne.

Akwai wani ciwon kumburin huhu da ba a cika sani ba, ba ya yaɗuwa, kuma ba ƙwayar tibi ke kawo shi ba. Ƙurar kashin tattabaru da ta gashinsu, ko ta hatsin da ya yi fumfuna, ita ce huhun wasu mutane ba ya jurewa. An bayyana shi ga manoman Ingila a 1932, ga masu kiwon tattabaru kuma a Amurka a 1965. To, a gidajenmu wa ke share ɗakin tattabaru? Wa ke sheƙar hatsi? Ke ce, ko 'yarki in ta taso daga makaranta. Maigida dai nasa watsa musu dawa ne da kallo. Alamarsa, bayan awa 4 zuwa 8 da yin shara sai zazzaɓi, da busasshen tari, da haki. In kin je ganin gida kin yi kwanaki sai ki ji sauƙi, kin dawo ya dawo.

Likita ba boka ba ne, sai kin faɗa masa wannan. Zai fara da hoton ƙirji, amma sau da yawa hoton nan bai isa ya raba shi da tibi ba. Shi ya sa akan tura mutum babban asibiti, irin su Barau Dikko ko na koyarwa da ke Shika, Zariya, wajen likitocin ƙirji. Can ana iya neman hoton siti-sikan, wanda ke nuna huhu yanka-yanka, inda ya kumbura ya fito dishi-dishi kamar hazon hunturu.

Abin da mata suka fi tsoro shi ne zura robar nan mai fitila, wadda wani likitan Japan, Shigeto Ikeda, ya ƙirƙiro a 1966. Kaurinta bai fi na fensir ba. Za a hana ki cin abinci na 'yan awoyi, a fesa miki maganin kashe zafi a maƙogwaro, a bi da ita ta hanci ko baki zuwa huhu. Sai a zuba ruwan gishiri mai tsabta, a zuƙo shi, a duba abin da ya ɗauko. Ba yanka ba ne, yawanci ranar ake komawa gida. Kuɗi kam ana kashewa, ba mu ɓoye ba, amma in aka yi jinkiri huhu yakan yi tabo, tabon kuwa ba ya gogewa.

Kada ki sayi ƙwayar rage kumburi a kemis don wance ta sha ta ji daɗi. In ashe tibi ne, ƙara masa ƙarfi za ta yi. In kuwa likita ya tabbatar tattabaru ne, sai a lallashi maigida a fitar da su daga gidan gaba ɗaya, a wanke wurin da ruwa, kuma ba ke za ki wanke ba.