Fankar Kamfani Da Zafin Kongolam

Sanin kowa ne cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta kan zo daga kamfani da 'yar fankarta bisa ƙarfen alminiyam. Wannan fanka ta isa aikin ofis. Matsalar tana tasowa ne idan aka tilasta wa ƙwaƙwalwar gudu fiye da ƙimar da aka yanka mata, abin da ni dai nake kira zaburarwa, tunda har yau masana harshe ba mu tsayar da kalma ɗaya ba.

Ƙarin gudu ƙarin wuta ne, ƙarin wuta kuma ƙarin zafi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa. To, a Kongolam cikin Afrilu iskar kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen. Da ƙwaƙwalwar Intel ta kusanci digiri 100 sai ta rage gudu da kanta, ribar ta tafi.

Kamfanin Intel ma tun 2015 ya daina haɗa fanka da samfurinsa mai harafin K, wanda aka yi don zaburarwa. A ganina, mai shagon kwamfuta a ƙasar Daura ya sayi babbar fanka tukuna, ko ya bar injinsa yadda ya zo.