Ƙamshin Ruwan Fari da Laimar Kwaɗi

Duk wanda ya taɓa shaƙar ƙamshin ƙasa ranar da aka yi ruwan fari, to ya yi gamo da bakteriyar da masana ke kira Streptomyces, ko da bai sani ba, domin ita ke fitar da sinadarin da ke ba da wannan ƙamshi. Idan damina ta kankama kuma, sai naman kaza, wato laimar kwaɗi, ya ɓullo a gindin itatuwa da jikin suri. Ɗalibai da dama suna ɗaukar ta farko abokiyar gaba, na biyu kuwa tsiro. Duka biyun kuskure ne, kuma a ganina mu malamai muna da hannu a ciki.

Lalle akwai kamanni tsakaninsu. Kowannensu yana yaɗuwa cikin ƙasa kamar siraran zare, yana narkar da matattun ganye, sa'annan ya hayayyafa ta hanyar iri mai kama da ƙura. Har masanan farko sun ruɗe, shi ya sa sunan bakteriyar ya ƙare da kalmar Girkanci mai nufin naman kaza. Amma madubin ƙara girma ya raba gardama: ƙwayar halittar naman kaza tana da cibiya mai rufi inda kayan gado suke, ta bakteriya kuwa ba ta da ita. Naman kaza ma ba tsiro ba ne, ba ya haɗa abinci da hasken rana, kuma bangon ƙwayarsa da ɓawon fara sinadari ɗaya ne. Ya fi kusa da dabba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke fassara bakteriya da "ƙwayar cuta" a aji. A 1943, a Jami'ar Rutgers ta Amurka, Albert Schatz da malaminsa Selman Waksman suka samo streptomycin daga Streptomyces griseus, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Yaya za a kira mai magani da sunan cuta? Alhali kuwa naman kaza, mai sunan abinci, akwai irinsa da ke lalata hanta ya kashe mutum.

Saboda haka ina roƙon malamai su ce bakteriya kawai, su kuma fita da ɗalibai bayan gari da damina. A nuna musu irin da gara ke nomawa cikin suri, wato Termitomyces, amma kada yaro ya ɗanɗana komai.